Maganar daɓen katakon gidanka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Ingila, ya sanyi, ya madam da yara? Da fatan kowa lafiya. Nan Kano Alhamdulillah, zafi ne dai ya fara shigowa. Na leƙa gininka na Danbare ranar Asabar, an gama filasta, saura wayarin da silin, aiki yayi kyau wallahi.

Naga hotunan da ka turo na katakon da kake so a shimfiɗa a ƙasa maimakon tayil, da maganar da kayi cewa zaka yo odar na waje, ipe ko jatoba na Barazil ko merbau na Indunusiya. Ni dai dan Allah ka dakata tukunna kaji ta bakina, tunda ni na saka katako a falona da ɗakin kwana kuma ya ga hunturu ya ga damina a garin nan.

Kyau kam ba a magana, kuma da sanyi ƙafa bata shan wahala irin ta tayil, Umma ma da take fama da gwiwa in tazo a falon take son zama. Amma kasan yanayinmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska bushewa take ƙarau har leɓe ya tsage, sai kuma Agusta tazo ko'ina danshi, ƙofar katako ma ƙin rufuwa take. To haka katakon ƙasa yake, yana tsukewa yana kumbura duk shekara, wanda aka busar dan gidajen Turai in ya iso nan hunturu ɗaya zai sa kaga rata tsakanin allunan, ƙura ta cika ta. Ga dala da ta haura naira 1,500 a 2024, ga kuɗin kwastam a Apapa, ga tirela zuwa Kano, kuma in allo goma suka lalace bayan shekara biyu ina zaka samo irinsu?

Shi yasa nace ka duba namu. Loko, wanda 'yan kasuwa suke kira iroko, yana da ƙarfi, gara bata cika damunsa ba, launinsa kuma ƙara duhu yake da daɗewa, ni shi na saka. Akwai kawo shima, apa suke ce masa a kudu, ya fi nauyi kuma baya yawan motsi, sai dai tsada da wuyar samu. Maɗaci yayi kyau a ƙofa da kujeru amma a ƙasa ni bai kwanta min ba. Obeche kam kada kowa ya kawo maka maganarsa, laushi gare shi, ƙafar kujera ma lotsa shi zatayi. Madobiya kuma in an maka tayi ka barta, ita ce aka dinga sarewa a Taraba ana lodawa China har dazukan suka kusa ƙarewa, tun 2016 aka sa ta cikin itatuwan da duniya ta sa wa cinikinsu takunkumi, ni raina baya so mu ƙara hannu a wannan ɓarnar.

Babban abin dai bushewa ne. Katakon da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa yawanci daga dazukan kudu yake, Ondo, Edo, Kuros Riba, kuma da ruwansa yake zuwa ko da kaga samansa a bushe. Sai an jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakani iska tana ratsawa wata da watanni, bayan an yanka an fere kuma a kai shi cikin ɗakin da za a saka shi ya kwana sati biyu ya saba. Akwai ɗan mita na auna danshi, kai da kake can ka sayo mana ɗaya ba tsada, ana so ya nuna wajen kashi 8 ko 9 cikin 100. Shima simintin ƙasa sai ya bushe sosai, a fesa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan katako. A yanka allunan sirara, faɗin inci 3 ko 4, masu harshe da rami da suke shiga juna, kuma a bar rata kamar santimita 1 a jikin bango duk zagaye, katakon gindin bango zai rufe ta. Kafintocinmu da yawa basa son barin ratar nan, gani suke aikin bai cika ba, to a nan ne sai an tsaya a kansu, in ba haka ba damina ɗaya tsakiyar falo zai taso.

Kicin, banɗaki, baranda da wajen alwala kuwa tayil kawai. Ka faɗa wa madam tun yanzu ba a mofin ɗinsa da ruwa sharkaf, shara ce da tsumma mai ɗan laima.

In ka amince zan shiga Na'ibawa da kafintan da ya min nawa mu ware lokon tun yanzu, ya samu zafin Afrilu da Mayu yana bushewa kafin a gama silin. Ka turo min awon falon da ɗakunan sama daga zanen injiniya. Ka gaida madam, ka shafa min kan yara, Allah ya dawo mana da ku lafiya.

Naka,
abokinka na Kano