Dokar Ajiye Mota da Ɓarnar Akwatin Wasiƙa Lokacin Kwashe Ƙanƙara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin 'yan uwanmu da ke zaune a arewacin Amurka da Kanada, musamman ɗalibai da sababbin zuwa da wannan ne hunturunsu na farko. Abu biyu ke cinye wa mutane kuɗi duk shekara da zarar dusar ƙanƙara ta fara zuba: motar da ta kwana a bakin titi a daren da aka hana, da akwatin wasiƙar bakin titi da aka wayi gari ya kwanta ƙasa. Duka biyun galibi dokarsu a hannun hukumar gari take, kuma kowane gari da tasa. Wanda ya yi ƙaura ya ci gaba da aiki da dokar tsohon garinsa, motarsa janwe ke fara ɗauka.

A Shikago, daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu, an hana ajiye mota daga ƙarfe 3 na dare zuwa 7 na safe a kan manyan tituna masu tsawon mil 107, ko ƙanƙara ta zuba ko ba ta zuba ba. Nan mutane ke faɗawa: su ga gari garau, titi a bushe, su ɗauka dokar ba ta aiki. A 'yan shekarun nan kuɗin janye mota ya fara ne daga dala 150, ga tarar dala 60, ga dala 25 na kowace ranar da motar ta yi a hannun hukuma. Akwai kuma wata dokar hana ajiye mota daban a kan wasu manyan titunan, wadda ke fara aiki idan ƙanƙara ta kai inci 2 a ƙasa.

Miniyapolis tsarin kwana uku take bi bayan an ayyana dokar ta-ɓaci ta ƙanƙara. Daren farko, daga ƙarfe 9 zuwa 8 na safe, ba a ajiye mota a kowane ɓangare na titunan da aka kafa wa alamar ta-ɓaci. Rana ta biyu, daga 8 na safe zuwa 8 na dare, sauran tituna ake bi, ba a ajiye mota a ɓangaren gidajen da lambarsu ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8. Rana ta uku kuma ɗaya ɓangaren. A Montiriyal ta Kanada alluna ruwan lemo ake kafawa a titin da za a kwashe, janwe kuma ya bi ya ɗauke motocin da aka bari kafin manyan motocin kwashe ƙanƙara su iso. 

Mutane na ganin tsananin ya yi yawa, mu kuwa muna ganin yana da dalili. Motar kwashe ƙanƙara idan ta tarar da mota ɗaya a hanya, dole ta kauce, ta bar tudu a gabanta da bayanta. Tudun nan kafin safe ya daskare ya zama kamar dutse. Idan aka maimaita haka sau uku ko huɗu a hunturu ɗaya, titi ya tsuke har motar kashe gobara ko ta ɗaukar marasa lafiya ta kasa wucewa. Saboda haka a yi rajistar samun saƙon gari ta waya tun kafin sanyi ya shigo, a kuma san inda za a kai motar idan an yi sanarwa, domin garuruwa da dama na buɗe filayen ajiye mota na wannan lokacin.

Batun akwatin wasiƙa ya fi jawo ɓacin rai, don mai gida yana ganin motar hukuma ce ta yi ɓarnar, ita ya kamata ta biya. Ƙa'idar da yawancin garuruwa ke bi ita ce: idan garmar motar ce ta bugi akwatin ko turkensa, hukuma za ta gyara ko ta biya, idan kuwa ƙanƙarar da garmar ta watso ce ta kayar da shi, asarar mai gida ce. Kuma galibi ƙanƙarar ce. Jiƙaƙƙiyar ƙanƙara tana da nauyi ƙwarai, idan ta taso daga garmar motar da ke tafiya, turken da gindinsa ya ruɓe ba ya ɗaukar bugu ɗaya. Akwatin roba shi ma yana tsagewa da wuri idan sanyi ya yi tsanani. Ko an yarda za a biya, kuɗin akwati da turke na gama-gari ake bayarwa. Wanda ya kafa na ado mai tsada, shi zai cika sauran.

Hukumar gidan waya ta Amurka ta fayyace yadda ake kafa shi. Daga fuskar titi zuwa ƙasan akwatin, inci 41 zuwa 45, wato kusan santimita 104 zuwa 114. Ƙofar akwatin ta ja baya daga dakalin titi da inci 6 zuwa 8. Turken ya zama katako mai inci 4 ta kowace fuska, ko bututun ƙarfe mai faɗin inci 2, kuma kada a binne shi fiye da inci 24. Akwatin da ya gaza wannan tsayi ko ya leƙo kan titi, ko garma ce ta buge shi, hukuma na iya cewa ba ruwanta. Wasu kuma haushi kan sa su kafa shi cikin gwangwanin da aka cika da siminti ko kan ginshiƙin kankare. Wannan haɗari ne babba: da gangan ake son turke ya karye idan mota ta kauce ta buge shi, domin ran na cikin motar. Inda ƙanƙara ke yawa akwai turke mai hannu a lanƙwashe, wanda ke juyawa gefe idan an buge shi ya komo wurinsa, kuma ya cancanci kuɗinsa.

A jihar Mishigan hukumomin hanya kan tuna wa mutane a watan Oktoba su fita su girgiza akwatinsu. A kama shi da hannu biyu a jijjiga. Idan ya yi rawa, a ɗaure kusoshi ko a canza turke tun ƙasa ba ta daskare ba. Kafin a haƙa rami a Amurka a kira lamba 811, a zo a nuna inda wayoyi da bututun gas suka bi.

Idan ɓarnar ta riga ta auku, kada a taɓa komai sai an ɗauki hoto. Bugun garma yana barin shaida: lotsewa, karcewar fenti, ko sara a jikin katako. Turken da ya karye daga gindi cikinsa baƙi da laushi, ruɓewa ce, mai dubawa zai gane. A tantance mai titin, gari ne ko gunduma ko jiha, don kai ƙara inda ba can ba ɓata lokaci ne, ga shi wurare da yawa suna da wa'adin karɓar ƙorafi. Kafin bazara, a kafa akwatin na wucin gadi a bokitin yashi. A kuma riƙa share gabansa, domin mai raba wasiƙa na iya wucewa idan motarsa ba ta iya matsowa.

Wajen share ƙofar gida, idan ka fuskanci titi, ka tara ƙanƙarar a damarka, ka share ɗan fili a hagu. Motar kwashe ƙanƙara daga hagu take zuwa, sai ta sauke kayanta a filin maimakon bakin ƙofarka. Tura ƙanƙara cikin titi laifi ne a jihohi da dama. Motar da ƙanƙara ta binne kuwa, a fara tone salansarta kafin a tayar da inji, don hayaƙin da ya toshe yana komawa ciki, ba shi da wari, kuma yana kisa.

Wassalam,
Wasu masu karanta jaridarku