Barin Abinci Kaɗai Ba Ya Rage Teɓa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda mutanenmu ke neman rage ƙiba, musamman waɗanda likita ya gargaɗa game da hawan jini.

Da yawa sun ɗauka barin abinci shi ne magani. Akwai wani maƙwabcina da ya daina karin kumallo, yana wuni da yunwa a kujerar ofis, amma da magariba sai ya tasa malmala uku ta tuwo a gaba, da miyar da manja ke yawo a samanta, ya kora da lemon kwalba. Har yau teɓarsa tana nan daram. Wanda ya rame da yunwa zalla kuwa, har tsoka yake zubarwa tare da kitsen, kuma da ya koma ci sai ƙibar ta dawo.

Motsa jiki ma bai wadatar shi kaɗai ba, domin tafiyar rabin awa da ƙyar take ƙone sukarin da ke cikin babbar kwalbar lemo ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma gishirin da yake ci a rana kada ya kai giram 5. Dunƙulen da uwargida ke marmasawa a tukunya ma yana cikin wannan lissafi.

Ina roƙon ma'aikatan asibiti su riƙa bayyana wa marasa lafiya ma'aunin da ludayi da malmala, tunda da su muke awo a gidajenmu.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano