An yi mini aiki a haihuwar fari, ko zan iya haihuwa da kaina?

Assalamu alaikum Likita,

Ina gaisuwa, da fatan alheri. Shirinki ba ya wuce ni, shi ya sa na kawo miki damuwata.

Shekaruna 24. A 2022 aka yi mini aiki a haihuwar fari saboda yarinyar ta zo a zaune. Alhamdu lillahi tana nan lafiya, har ta shiga Islamiyya. Amma wahalar ba ta bar raina ba. Sati biyu na yi ko tari zan yi sai na danne ciki da matashi, kuma sai da maigidana ya sayar da babur ɗinsa aka biya kuɗin asibiti.

Yanzu cikina wata bakwai. A wurin awo nas ta ce tunda aiki ɗaya ne, kuma tazarar ta haura wata 18, ana iya barina in gwada. Ta ce cikin mata huɗu irina, kusan uku suna sauka da kansu. Sai ta ƙara da cewa ɗinkin mahaifa kan iya buɗewa ana cikin naƙuda, kamar mace ɗaya a cikin 200. Wallahi ɗayar nan ce ke hana ni barci.

Ta kuma tambaye ni yadda aka yanka mahaifar, a kwance ko a tsaye. Na ɗaga riga na nuna mata tabon, a kwance yake can ƙasan mara. Ta ce na fata ba lallai ya zo ɗaya da na ciki ba, in kawo katina. Katin kuwa ya ɓace tun da muka tashi daga gidan haya.

Ga kuma Inna, uwar mijina. Haihuwa tara ta yi a ɗakinta, har ta yi wa ungozoma magana, ta tanadi jiƙon saurin naƙuda. Ba na iya yi mata musu, kuma na san ƙauna ce. Sai dai daga garinmu zuwa asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini tafiyar awa guda ce, kuma haihuwar za ta faɗo tsakiyar damina.

Likita, in katin bai samu ba, za a bar ni in gwada? Ko in tare gidan yayata kusa da asibitin tun watan bai kama ba? Wace alama zan ji a jikina in san ɗinkin ya fara samun matsala? Don Allah ki amsa a shirin, Inna ma tana sauraro, maganarki za ta fi tawa shiga.

Taki,
Mai sauraro daga Jihar Katsina