Zuwa Ga Abokina Da Ya Rasa Ranar Haihuwarsa

Ɗan'uwana cikin Almasihu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu ma lafiya ƙalau muke, sai dai kewarku.

Wasiƙarka ta iso. Ka yafe mini jinkirin amsa, da gangan na yi, don ba irin maganar da ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce wani mai wa'azi ya tambaye ku rana da watan da kuka sami maya haihuwa, wato sabuwar haihuwa ta ruhu, ya ƙara da cewa duk wanda ya kasa faɗa, to, ya binciki kansa. Ka bincika ka rasa, tun ranar kuma barci ya ƙaurace wa idonka.

Dariya ta so ta kama ni, ba don kai ba, don kaina. Ni ranakuna ne da ni har sun yi mini yawa. Muna samari, duk taron farkawa sai na fita gaba na durƙusa, na yi kuka, na koma gida da zuciya wasai. Bayan mako biyu in na yi fushi ko na shara ƙarya, sai in ce wancan tuban bai kama ba, a sake. Na fita ya kai sau shida. Wacce zan nuna wa mai wa'azinku?

Don Allah ka koma Yahaya sura 3, ka karanta a hankali. Kalmar Helenanci da aka rubuta a aya ta 3, inda Yesu ya yi maganar maya haihuwa, tana da fuska biyu: tana nufin "sake", tana kuma nufin "daga sama". Nikodimu, malamin Yahudawa da Yesu ke magana da shi, ya kama ta farko, shi ya sa ya yi tambayar nan ta komawa cikin uwa. Yesu kuwa yana magana ne a kan haihuwar da Ruhu ke yi, irin wadda aka yi alkawarinta tun a Ezekiyel 36, inda Allah ya ce zai cire zuciyar dutse ya ba da ta nama. Ya kwatanta ta da iska: kana jin motsinta, amma inda ta fito da inda za ta, ba ka sani ba. Wa ya taɓa sa wa iska agogo?

Shi kansa Nikodimun, yaushe aka haife shi? Ba a rubuta ba. Sau uku kawai ya bayyana. A sura 3 ya zo da dare, ya tafi ba mu ji ya ce ya ba da gaskiya ba. A sura 7 ya ɗan buɗe baki a gaban 'yan'uwansa shugabanni, ya tambaya ko shari'a na hukunta mutum ba a saurare shi ba, suka yi masa gatse. Sai a sura 19, lokacin da yawancin almajirai sun watse, ga shi nan tare da Yusufu mutumin Arimatiya, ɗauke da mur da al'ul wajen kilo 30, yana shirya gawar mutumin da aka gicciye. Babban malami, Bafarisiye, a fili. Sannu ba ta hana zuwa. Da Nikodimu ya shiga cocinku ran nan, da shi ma ya faɗi jarrabawar.

Za ka ce ai akwai masu rana. Akwai, kuma ba na raina su. John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, har sa'a yake da ita: 24 ga Mayu, 1738, wajen ƙarfe tara saura kwata na dare, a wani taro a titin Aldersgate a Landan, ana karanta gabatarwar Martin Luther ga wasiƙar Romawa, ya ji zuciyarsa ta ɗumama, ya tabbata an ɗauke zunubansa. Mutumin da ya riga ya shekara goma yana limamin coci, har ya je aikin bishara Amurka ya dawo. Amma abin da masu wa'azi ba su cika faɗa ba shi ne, ba a cika shekara ba ya sake rubuta shakka mai tsanani game da kansa. Ashe ranar ma ba ta hana dare yi.

Abin da ya kwantar mini da hankali daga baya shi ne 1 Yahaya 5:13. An rubuta wasiƙar ga masu ba da gaskiya ga sunan Ɗan Allah domin su sani suna da rai madawwami. Su sani, yanzu. Da marubucin ya zo ba da alamu kuwa, bai ambaci kwanan wata ba. Ya ambaci ƙaunar 'yan'uwa, da furta zunubi maimakon ɓoye shi, da shaida cewa Yesu ne Almasihu. Ya ma san zuciya za ta riƙa kai ƙararmu, sai ya ce a 3:20 Allah ya fi zuciyarmu girma.

Ni dai na san ka. Na ga yadda ka koma ka nemi gafarar mutumin nan da kuka yi shekaru ba kwa ga maciji, ba wanda ya tilasta ka. Kuma wannan damuwar da ta hana ka barci, ka taɓa jin gawa ta yi kukan ciwo? Ba ina cewa ka dogara ga waɗannan ba, gobe ma kana iya tuntuɓe. Dogaronka na Yahaya 10:28 ne, inda makiyayin ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Riƙon nasa ne.

Kada ka riƙe mai wa'azin a zuciya, da alama alheri ya nufa, ma'auninsa ne ya yi gajere. In ka sami dama ka zauna da fastonku ku tattauna, ka kuma karanta 1 Yahaya gaba ɗaya a zama guda, surori 5 ne kacal. Sa'an nan ka rubuto mini wace aya ce ta fi tsaya maka a wuya, ni ma akwai guda biyu a sura 3 da har yau nake kokawa da su.

Ka gaishe mini da uwargida, ka shafa mini kan yara.

Naka cikin Ubangiji,
Abokinka na tun ƙuruciya