Murjanin Bahar Maliya na buƙatar idon masuntanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ku ba mu fili mu yi magana da 'yan uwanmu Hausawa mazauna Bur Sudan da Sawakin, musamman masunta da samarin da suka iya ninƙaya. Maganar ta duwatsun murjani ce, waɗanda mutanen bakin teku ke kira sha'ab, inda kifaye irin su najil da harid da sha'ur ke kiwo su hayayyafa.

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, jiragen baƙi masu nutso kan zo duwatsun murjani na Sanganeb da Sha'ab Rumi da ke kusa da Bur Sudan, kuma ko ba komai akwai ido a kan murjanin. Yanzu yawancinsu sun daina zuwa, daidai lokacin da ruwa ke ƙara zafi. A Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka mai kula da teku da yanayi ta sanar cewa murjani na yin fari a tekunan duniya gaba ɗaya, karo na huɗu ke nan. Sanganeb da gaɓar Dungonab da ke arewa da nan suna cikin wuraren gadon duniya na UNESCO tun 2016, amma wanda ke kan ruwan nan safe da yamma shi ne masunci. Abin da yake gani zai yi amfani ƙwarai, da sharaɗi ɗaya: a rubuta shi a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, a kuma koma a sake. "Bana kifi ya ragu" zancen majalisa ne. Ƙidaya ce ke sa hukuma ta motsa.

Murjani dabba ne mai rai. A cikin namansa akwai ƙananan gansakuka da ke ba shi abinci da launi. Idan zafin ruwa ya haura na watan da ya fi zafi a shekara da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe kamar mako 4, murjani ya kan fitar da su ya yi fari fat. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. Idan abin ya kai wajen mako 8, sai mutuwa ta fara.

Aikin da ya fi sauƙi bai buƙatar tulun iska, gilashin ido da bututun numfashi sun isa. Ana amfani da katin launi na CoralWatch, wanda Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fito da shi a 2002. Launuka huɗu ne a jikinsa, kowanne da mataki 6, daga 1 mai fari zuwa 6 mai duhu. Mutum ya zaɓi murjani 20, ya kara katin kusa da kowanne ba tare da ya taɓa shi ba, ya rubuta lambar inda ya fi haske da inda ya fi duhu, da siffarsa: mai rassa, dunƙulalle, mai faɗi kamar faranti, ko mai laushi. A nan ne ake yawan ɓata aiki. Ido ya kan bi fari, sai mutum ya cika allonsa da marasa lafiya kaɗai, rahoto ya nuna bala'in da babu shi. Maganin shi ne a tsayar da doka tun a cikin jirgi, misali bayan kowace bugun ƙafa uku a duba wanda ke gaba, ko yaya yake. Bakin rassa kuma kullum fari-fari ne saboda can yake tsiro, kada a auna shi. Idan an wuce zurfin mita 5 ruwa na shanye launi, sai da tocila.

Waɗanda suka samu horo za su iya hawa mataki na gaba, tsarin Reef Check da aka fara aiki da shi a 1997. Ana shimfiɗa igiyar awo mai mita 100 a zurfi ɗaya, tsakanin mita 2 zuwa 6, a raba ta kashi huɗu na mita 20, da tazarar mita 5 a tsakani. Bayan shimfiɗawa a fita a jira minti 15, domin kifi ya watse da motsin mutane. Kifi ake fara ƙirgawa, cikin faɗin mita 5: najil da danginsa in sun wuce santimita 30, harid in ya wuce santimita 20, da 'yan kifayen nan masu zanen rawaya da ke cin murjani. Mai ƙirga ya tafi a hankali. Mai gaggawa ya kan kori kifi gaba ya sake ƙirga shi. Daga nan sai masu rarrafe, bushiyar teku, katon kawa, kokwambar teku, da tauraruwar teku mai ƙaya da ke cin murjani. A ƙarshe a bi igiyar, kowane rabin mita a saki ɗan ƙarfe mai zare, a rubuta abin da ya sauka a kai, murjani mai rai ne, matacce, yashi, gansakuka ko laka. Wurare 40 ke nan a kowane kashi, 160 gaba ɗaya. Ƙarfen ne ke hana mutum zaɓen abin da ya ga dama. Fensir da farin allon roba ake rubutu da su, biro ba ya aiki a ruwa.

A riƙa bambance fari da fari. Murjanin da zafi ya kama yana da namansa, kuma hasken ya kan bazu a jikinsa duka. Wanda tauraruwa mai ƙaya ta ci kuwa ƙashi ne tsirara, da iyaka a fili tsakanin cin da lafiyayyen wuri, kuma sau da yawa tana ɓoye a ƙarƙashi. Kada a sassare ta, don gutsuren na iya rayuwa, ƙayarta kuma da dafi. Inda ta yi yawa ana yi mata allurar ruwan khal na girki, mililita 20 a gindin hannu ɗaya, ta mutu cikin kwana biyu. Amma ɗaya ko biyu ba annoba ba ce, a kai rahoto tukuna. Babban dodon kodin nan da ake kwasowa don ado yana cin ta, a bar shi a ruwa.

Bushiyar teku baƙa mai dogayen ƙaya ma a sa mata ido. A 2023 wata cuta ta kashe ta da yawa a arewacin Bahar Maliya. Ita ce ke kiwon gansakukar da ke rufe dutse ta hana 'ya'yan murjani zama, saboda haka ko sifili aka samu a rubuta sifili. Haka laka. Lokacin da madatsar Arba'at ta fashe a Agustan 2024 kowa ya ga irin ruwan da kwari ke kwasowa zuwa teku, kuma laka na toshe murjani ta hana shi haske. Wurin da ba a auna kafin ambaliya ba, ba a iya faɗin abin da ta ci.

Shawararmu a yi awon sau biyu a shekara, kafin tsananin zafi wajen Mayu, da bayansa wajen Oktoba, a ajiye lambar wurin a GPS na waya, da rana, da awa, da zurfi. Kada a jefa anga a kan murjanin da aka zo dubawa, a nemi yashi. Kada kowa ya shiga ruwa shi kaɗai. A halin da ake ciki kuma, a nemi izinin hukumomin bakin teku kafin a fita da kyamara.

Muna kira ga malaman kimiyyar teku na Jami'ar Bahar Maliya da ke nan Bur Sudan, da ƙungiyar PERSGA mai kare muhallin Bahar Maliya, mai hedikwata a Jidda, su karɓi waɗannan takardu su horar da masu sa kai, su kuma riƙa dawo wa masunta da sakamako. Wanda ya ba da ranarsa da man jirginsa, in bai ji abin da aka yi da ƙidayarsa ba, ba zai sake fita ba. Ku kuma, Malam Edita, muna roƙon ku gayyato masani ya yi wannan bayani da Hausa kafin watan Mayu, don shugabannin masunta su zaɓi wurare biyu ko uku da za a fara da su.

Wassalam,
Wasu masu aikin teku, Bur Sudan