Ciyawar roba a tsakar gida: ku duba dabbobinmu tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani sabon yayi da ya fara shigo mana nan Damagaram, wato ciyawar roba, wadda wasu ke ce ma gazon, da ake shimfiɗawa tsakar gida. Tallarta ta cika Facebook da WhatsApp, sai ka ga hoton wani gida na Turai fili kore shar da kare kwance a kai, an rubuta wai ta dace da gida mai dabbobi, ba ban ruwa, ba yanka, ba taɓo. To ni abin da ke damuna mutane na saye ba su tambayi wace dabba ake nufi ba.

Can inda aka ƙirƙiro ta, dabbar gida kare ce da mage. Asalinta ma ta filin wasa ce, a 1966 ta yi suna da aka shimfiɗa ta a babban filin Astrodome na birnin Houston a Amurka saboda ciyawar gaskiya ta ƙi rayuwa ƙarƙashin rufi, daga baya ne ta shiga gidaje. Mu kuwa nan in ka leƙa gida a Birni ko Zango ko Garin Malam abin da za ka tarar akuya ce da 'ya'yanta, ragon layya a turke, kaji, zabi, tantabaru. Kare ba ya kiwo, amma akuya duk abin da ta gani kore sai ta kai baki, ta ja gefen shimfiɗar ta tsinke zaren ta haɗiye, kuma zaren nan roba ce zalla irin dangin leda, ciki ba ya narkar da ita. Ku tambayi mahauta abin da suke fiddowa daga tumbin dabba, dunƙulen leda ne da igiya, shi ne za ka ga tunkiya ana ba ta dusa da harawa amma tana ta ramewa ciki ya kumbura har ta faɗi. Tun 2014 ƙasarmu ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa, har yanzu ba mu rabu da ita ba, kuma yanzu mu sayo wata robar da kuɗinmu mu shimfiɗa ma bisashe gaban baki? Kaji su ma tono suke, suna tsattsage yashi da ƙwayoyin baƙar roba na tsofaffin tayoyi da ake barbaɗawa cikin wasu nau'in don zaren ya tsaya. Tarayyar Turai da kanta a 2023 ta yanke hana saida irin wannan ƙwayoyin daga 2031.

Sai maganar zafi, wadda wallahi ita ce ta fi tada min hankali saboda yara. Watan Afrilu da Mayu nan garin zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Ciyawar gaskiya tana fidda ruwa ta ganyenta shi ya sa take sanyi, ta roba tara zafi take, in rana ta take tana iya haura digiri 60. Na taɓa wadda wani maƙwabcinmu ya sa, wajen azahar, ban iya barin tafin hannuna a kai ba, magen gidan ma kan katanga take bi ta kewaye, ƙaramin yaronsu mai rarrafe kuwa sai uwar ta goye shi har la'asar sakaliya. Balle garwashi. Gida nawa ne ba a dafa shayi? Garwashi ɗaya ya faɗo daga murhu ya narka wurin, tabon ya zauna kenan.

Masu saidawa babbar hujjarsu ruwa ce, wai ba ta son ban ruwa, kuma na san me ya sa maganar ke shiga kunnen ɗan Damagaram. Garinmu kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa ya yi ƙaranci, sai daga Gogo Machaya da Arungouza da Ganaram ake jawo mana shi, bazara ta yi kowa da bidon ɗinsa yana neman 'yan ga-ruwa. Amma gidan da ke da dabba sai ya wanke ta. Fitsari yana bi ta 'yan ramukan da ke ƙasanta ya sauka, in ba a yi mata daɓen tsakuwa mai tsotse ruwa ba, kamar yadda mafi yawa ke shimfiɗa ta kai tsaye bisa siminti, nan zai kwanta rana ta dafa shi wari ya tashi, ƙuda su taru. Kashin kaji yana manne wa zare, tsintsiya ba ta fidda shi sai ruwa da buroshi. Ga ƙurar hunturu, wata biyu ta mai da koren nan ja. To ruwan da muke saye don sha da girki shi za mu riƙa zuba ma roba? Kuma a ce nan ne za a shimfiɗa tabarma a yi sallah, alhali najasa na ƙarƙashi ido bai ganinta.

Rairayin da iyayenmu ke zubawa a garke ba ƙauyanci ba ne. Yana shanye fitsari, da safe a share a tara a gefe, kafin damina a ɗora bisa amalanke a kai gona ya zama taki gero ya ji daɗi. Ita kuwa robar bayan kamar shekara 10, wata ma ba ta kaiwa da irin ranarmu, ta kakkarye sai bola, daga bola kuma awakin unguwa.

Ba wai ina cewa a hana kowa ba ne, mutum da gidansa da kuɗinsa. Wanda ya ƙwallafa rai ya sa ta ɗan kaɗan ƙarƙashin rumfa inda rana ba ta kai, ya danne bakinta da kyau kar a samu wurin ja, ya yi ma dabbobi shinge nesa da ita. Sauran filin a bar shi rairayi, kuɗin da ya rage a dasa bedi ko zogale, ruwan alwala kaɗai ya ishe su.

Malam Edita, roƙona ku tura wakilinku wajen likitocin dabbobi da mahautan garin nan ya ji daga bakinsu abin da roba ke yi ma tumbi, ku buga kafin lokacin sayen ragunan layya.

Naku,
Wani mai kiwon awaki a gida,
Unguwar Birni, Damagaram