A ba ma'aikaci kwamfutar aiki, a bar masa tasa

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Tun kullen korona na 2020 ofishinmu suka gane aiki daga gida yana rage musu kuɗin dizal, to har yau kwana biyu a sati a gida muke yi, kuma ban ƙi ba wallahi. Amma kwamfutar fa? Wai kowa ya yi da tasa. Ni tawa tokumbo ce, a Beirut Road na siya da kuɗin adashi, kuma ita ce ta gidan gaba ɗaya, babbar 'yata a kai take gwajin tambayoyin JAMB, ƙaninta ya buga gem, mamansu ta saurari tafsiri, sannan a cikinta dai akwai sunayen kwastomominmu da lambar wayarsu har da BVN. Amanar mutane fa kenan a tsakar gida.

Watan jiya yaron ya sa filas ɗin abokinsa zai kwafi gem, washegari na kunna sai na ga foldoji duk sun ƙi buɗuwa. Mai gyara ya ce bairos ce sai an yi fomatin, wato a goge komai da ke ciki. Aikin sati biyu ya tafi, oga ya ce sakacina ne, kuɗin gyaran ma daga aljihuna. Yaron nan ko tuwo bai iya ci ba ranar saboda tsoro, abin da ya fi ƙona min rai kenan, don shi kwamfutar babansa ya taɓa ba ta ofis ba.

Bayan haka sai ga yaron IT ɗinmu, mai kula da harkar kwamfuta a ofis, wai zai sa min wata manhaja da za su dinga ganin abin da nake yi. Na ce a'a. Hotunan iyalina suna ciki, wa zai yarda? In tasu ce su sa duk abin da suka ga dama su kulle ta da fasuwod, ba zan ce uffan ba.

Masu kamfanoni su tuna akwai dokar kare bayanan jama'a da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2023, kuma wanda ya karɓi bayanan mutane shi za a fara tambaya in sun fita. Ga Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da gyaran tsaron da suka saba aikowa tun Oktoban 2025, irin tawa tsohuwa kuwa ba ta ɗaukar Windows 11, haka nan muke aikin a kai.

Na san ƙananan kamfanoni suna jin jiki, ba sabuwa dal nake nema ba, ko tokumbon ce a siya a rubuta sunan kamfani a jiki, ranar da mutum ya bar aiki ya dawo da ita. Data da aka ƙara wa kuɗi kashi 50 a 2025 da fetur ɗin janareto dama mu muke biya, a ɗauke mana wannan ɗayar.

Daga wani ma'aikaci, Kano